Daminar da Aka Raba Rumbun Kaka

Bana ma ruwa ya yi mana halin nasa. Ya sauko da wuri, ya ruɗi mutane suka zuba iri, sannan ya ɗauke ƙafa. Gero ya kai tsawon yatsa ya tsaya cak. Da hantsi in ka leƙa gonakin bayan Kibiya sai ka ga ganye ya nannaɗe, ƙasa ta yi fari fat, maza na tsaye a bakin gona hannu a baya. Ni dai na taɓa ganin irin wannan daminar, kuma ban ji daɗinta ba.

Ana cikin haka jikana Sadiku, ɗan aji uku, ya dawo daga makaranta da aikin gida yana ta ƙunƙuni. Malamarsu ta ba su lambobi uku-uku, ta ce kowane uku su fitar da lissafi huɗu, biyu na sau, biyu na rabawa. Ya zauna yana cizon fensir. Na ce miƙo in gani, maigidan banza, ko cefane ba ka iya ba balle lissafi. Biyar ne da shida da talatin. Na ce masa biyar sau shida talatin, shida sau biyar talatin, talatin a raba biyar shida, a raba shida biyar. Ya saki baki yana kallona, wai a ina na koya. Tun daga ranar, in an yi la'asar, shi da ƙannensa da yaran maƙwabta suke taruwa a tabarmata da marafan kwalba, muna jerawa muna rabawa. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Amma in aka zo kan uku da huɗu da goma sha biyu, sai in ce su je wajen uwarsu. Da wannan lissafin aka raba ni da tawa uwar, ina 'yar shekara tara.

Gidanmu na wancan lokacin yana wani ƙauye a gindin duwatsu, tsakanin Rano da Rurum. Gidan gandu ne. Kaka, wato mahaifin babana, shi ne mai gida, 'ya'yansa suna noma gona ɗaya, hatsi na shiga rumbu ɗaya, kuma shi yake fitar da abin da za a daka. 'Ya'yansa huɗu ne, duk maza: Baffa Audu babba, sai babana, sai Baffa Isa, sai Baffa Sale auta. Babana ya rasu shekara biyu kafin wannan daminar, ciwon ciki ne ya tafi da shi farat ɗaya. Da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta gama takaba, danginta suka zo daga Zurgu za su tafi da ita kamar yadda aka saba. Kaka ya hana. Ya ce muddin yana numfashi ɗakin ɗansa ba zai mutu ba. Haka muka zauna, ni da ƙanena Habu mai shekara bakwai, da autarmu Ladidi da ba ta daɗe da yaye ba. Ɗaki huɗu ke nan ke karɓar abinci daga tukunya ɗaya.

Inna ta yi firamare a Rano har aji biyar kafin a yi mata aure, abin da ba a cika samu ba a matan ƙauyenmu. Matan baffanni suna tsokanarta da Malama. Ba ta da littafi ko ɗaya, Turancin ma ya gudu, amma lissafi ya zauna mata daram a kai. Mace ce siririya marar yawan magana, in ta ga abin da bai yi mata ba sai dai ta ja bakin zanenta ta ƙara ɗaurewa.

Shekarar da ta gabaci waccan daminar ruwa ya ɗauke tun dawa na fitar da kai. Aka girbe zangarniya, in ka murza a hannu rabi ƙaiƙayi ne. Da rani ba mu ji ba sosai, mu yara. Baffa Isa ya tafi cin rani birni, ya dawo da abin da bai taka kara ya karya ba. Sai da bazara ta shigo muka gane gidan ya canja. Zafin shekarar ba na wasa ba ne. Duwatsun bayan gidanmu suna shan rana wuni guda, in magariba ta yi su riƙa huro ta kanmu kamar an buɗe bakin murhu. Rijiyar unguwa ta ja baya, guga na fitowa da rabin laka, sai an ajiye ruwan ya kwanta kafin a sha. Kuraje suka feso wa Ladidi a wuya da baya, tana susa tana kuka.

Abinci kuwa bi da bi ya riƙa janyewa. Da can muna da ɗumame da safe, fura da rana, tuwo da dare. Fura ce ta fara tafiya. Daga baya ɗumamen ya koma koko, kokon ma ya tsinke har kana hango gindin ƙwarya. Tuwon dare aka bari, shi ma malmalar kullum ƙanƙancewa take, miyar kuka ba daddawa, ba mai. Da ɗorawa ta nuna muka faɗa mata, mu jiƙa garin mu sha, bakinmu da rigunanmu duk su yi rawaya, cikinmu ya yi ta ƙugi.

Yanzu in na faɗa wa ɗana haka sai ya ce, Iya, ki kwantar da hankalinki, ko gero bai yi ba akwai taliya a shago, akwai masu noman rani da inji. Ina jinsa. Ga famfon burtsatse a ƙofar gida, ga mota na tashi zuwa Kano kullum. Amma har yau in azahar ta yi ban ji motsin tukunya a gidan nan ba, sai in kasa zama, in yi ta zagaye ina neman wanda zan yi wa faɗa.

Tsakar rana ita ce mafi wuya a lokacin. Ciki ya saba da fura, ga shi babu. Yaran gidan su yi ta rigima, iyaye mata su yi ta duka. A nan Inna ta fito da dabararta. Ta tara 'ya'yan tsamiya, waɗanda ake zubarwa in an jiƙa ta kunu, ta wanke ta shanya, suka yi baƙi suna ƙyalli. Da an yi azahar sai ta kira mu inuwar ɗakinmu, ta ajiye faifai a ƙasa, ta ce kowa ya zauna, lokacin abinci ya yi. Habu ya taɓa yarda sau ɗaya, ya zo da gudu, da ya ga 'ya'yan tsamiya ya fashe da kuka.

Ga yadda take yi. Ta jera su a kan faifai, layi biyu, kowane layi biyar. Ta tambaye ni nawa ne, in ce biyu sau biyar, goma. Sai ta kama bakin faifan ta juya shi a hankali, kar su gangara. Layukan da suke kwance su miƙe tsaye, su zama layi biyar, kowane biyu. Ta tambaya an ƙara ko an rage. Mu ce a'a. To nawa ne? Biyar sau biyu, goma. Daga nan ta tattara su wuri ɗaya, ta ce Habu ya kasa su kashi biyu, ya faɗi nawa kowane kashi ya samu, sannan ya sake kasawa kashi biyar. Takan ce waɗannan lambobin uku 'yan ɗaki ɗaya ne, in ka ga biyu to na ukun yana kusa, kada ka wahalar da kanka da hadda huɗu alhali abu ɗaya ne. Wani lokaci ta kife ƙoƙo a kan kashi ɗaya, ta ce ashirin ne duka, ga kashi huɗu, faɗa min abin da ke ƙarƙashin ƙoƙon ba tare da ka ɗaga ba.

Ni abin ya shige ni da wuri, kuma na cika rawar kai, kafin ta rufe baki na amsa. Habu kuwa kansa sai a hankali. Shida da bakwai da arba'in da biyu suka zame masa ƙarfen ƙafa, yau ya ce arba'in da takwas, gobe ya ce talatin da shida. In na yi masa dariya Inna ta harare ni. Ladidi aikinta ɗaya, ta lallaɓo ta ɗauki ƙwaya ta jefa baki, sai mun ƙirga mun ga layi ya giɓe a sa yatsa a zaƙulo. 'Ya'yan Baffa Audu ma sukan zo su tsuguna. Yunwar ba ta tafiya, kar wani ya yi muku ƙarya. Amma kafin ka kasa ashirin da huɗu kashi uku, ka sake kashi takwas, inuwa ta ɗan matsa, la'asar ta kusa, daga la'asar kuwa ana iya hango tuwo.

Ruwan fari ya sauko da iska mai ƙarfi, ya ɗaye jinkar ɗakin Baffa Isa, ba wanda ya damu. Ƙamshin ƙasar nan har yau yana hancina. Da asuba gidan kaf aka fita, baffanni a gaba da sungumi suna sara, mu yara a baya da ƙoƙon iri muna zubawa muna binnewa da diddige. Kaka na biye da mu da sandarsa yana faɗa, wai mun cika hannu, iri ba yashi ba ne. Shuka ta fito gwanin sha'awa. Sai sama ta washe, ta yi tas, ta ƙi sake haɗa hadari. Muna gani tsiron ya yi rawaya, ya kwanta, iska ta kwashe shi.

Aka sake samun yayyafi, aka sake shuka. Wannan irin daga cikin abincinmu aka ɗebe shi. Shi ma ya ƙone. Maza suka fita roƙon ruwa bayan gari, malamai suka yi ta sauka, aka yi sadaka da ɗan abin da ya rage. Matan Fulanin da ke zaune kusa da mu, waɗanda kullum suke shigo mana da nono, suka daina zuwa. Ɗaya ta shigo wata rana ba ƙwarya a kanta, ta zauna a ƙofar ɗakin Inna, ta ce saniyarsu ta biyu ta kwanta ta kasa tashi. Ungulu suka yi yawa a kan duwatsu. Mu kuma muka koma bin kwari inda ɗan danshi ya rage muna tsinkar tafasa da yaɗiya, a dafa a matse, a barbaɗa gishiri, ƙuli ma sai an yi sa'a.

Rumbunmu na ƙasa ne, bakinsa a sama, babba ba ya shiga cikinsa da sauƙi. Yaro ake ɗagawa a zura. Ni ce mai shiga, don ba ni da jiki kuma ba na tsoron ɓera. Kaka ya ɗage murfin, Baffa Sale ya ɗaga ni ya saka, in miƙo dami. A farkon rani ina sauka a kan hatsi kaina na waje. A tsakiyar daminar nan kuwa sai na dira har ƙasa, duhu, zafi, ƙaiƙayi na cin wuya, in ɗaga kai in hango sama 'yar mitsitsiya. Duk fitowar da na yi, in na koma ɗaki Inna takan tambaye ni a hankali, saura nawa.

Kaka ya fara rage cin abinci ba wanda ya lura. In an kai masa tuwo zaure sai ya kira Ladidi da ƙananan jikoki, ya ce shi ya ci goro, ba ya jin yunwa. Goron da rabonsa da shi tun bazara. Ƙafafunsa suka kumbura, ya daina zuwa gona, daga baya ya daina fitowa zaure. Bai yi doguwar jinya ba. Ana zaman makokinsa hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, masu ta'aziyya suka watse kowa ya nufi gonarsa. Na ji haushin ruwan nan, wallahi na ji haushinsa. Aka yi shuka ta uku, ita ce ta kama. Amma tsakanin shuka da sabon gero akwai tafiya, kuma dami goma sha biyu ne suka rage a rumbu. Ni na ƙirga su da hannuna.

Ba a jima ba aka fara ƙus-ƙus a gidan. Matan baffanni in sun ga Inna sai su yi shiru. Na tsinci maganar a bakin turmi: gandu ya mutu tunda mai shi ya tafi, za a raba gona, a raba rumbu, kowa ya ɗora tukunyarsa. A kwanakin nan Inna ba ta ba mu wani lissafi sai na goma sha biyu. Biyu da shida, mu yi. Uku da huɗu, mu yi, ta juya faifai, mu sake. Rannan bayan Habu ya tashi na ga ta kasa su kashi huɗu, uku-uku, ta janyo kashi ɗaya gabanta ta zuba masa ido. Na tambaye ta. Ta ce in an ba mu dami uku, ta auna ta sake aunawa, da tafasa da kaɗi da ɗan surfen da take yi wa mutane, za su kai mu sabon gero, kuma ba inda za ta je. Na ce ai uku za a ba mu, ɗaki huɗu ne. Sai ta ja bakin zanenta ta ɗaure.

Ranar rabo aka kira Malam Garba, malamin da ke raba gado a yankinmu, dattijo mai sanyin murya. Aka shimfiɗa masa buzu a tsakar gida, mata suka koma bayan zana. Aka zura ni rumbu na miƙo damunan ɗaya bayan ɗaya har ya zama ba komai sai kashin ɓera. Da aka ciro ni, jikina duk ƙaiƙayi, na ga Baffa Sale ya jera su a ƙasa, layi uku, kowane huɗu, daidai yadda Inna ke jerawa a faifai. Ai kuwa bakina ya riga hankalina. A gaban manya, ba wanda ya tambaye ni, na ce, “Goma sha biyu a raba huɗu, uku-uku ne.”

Baffa Audu ya daka min tsawa. Malam Garba ya ɗaga masa hannu, ya dube ni ya ce, “Lissafinki daidai ne, 'yata. Sai dai ba huɗu za a raba ba.”

Ya yi bayani a hankali, yana kallon ƙasa. Ɗan da ya riga mahaifinsa rasuwa ba ya gadonsa, 'ya'yansa ma ba sa gado matuƙar akwai baffanninsu a raye. Kaka bai bar mata ba, bai bar 'ya mace ba, don haka magada uku ne. Ya tambaya ko marigayin ya yi wa marayun wasiyya a gaban shaidu. Aka dubi juna. Kowa ya san abin da Kaka ya faɗa, muddin yana numfashi. Bai faɗi abin da za a yi bayan numfashin ba. Malam ya ce to hukunci ke nan, amma ba abin da ya hana magada su ɗiba daga rabonsu su ba marayu, kuma Allah yana son haka. Ya faɗa ya maimaita.

Na tsaya ina kallon damunan. Daga inda nake layi uku ne na huɗu-huɗu. Da zan taka in koma wancan gefen, layi huɗu ne na uku-uku. Na san haka, Inna ta koya min, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Ban taɓa sanin cewa akwai mai zaɓar gefen da za a tsaya ba.

Baffa Sale ne ya fara magana. Ya ce shi dai a raba huɗu, kowa ya bar dami ɗaya. Amma shi daga shi sai amaryarsa Binta, ko haihuwa ba su yi ba, maganar ba ta yi masa nauyi. Baffa Audu yana da baki tara a ɗakinsa. Ya ce huɗun ma bai san inda za ta kai shi ba, in ya bar ɗaya wanne daga cikin 'ya'yansa zai ce wa ya haƙura. Baffa Isa ya yi ta zane a ƙasa da tsinke. Na daɗe ina jin zafin Baffa Audu, na girma da shi a raina. Yanzu da na ga yadda ake ciyar da baki tara, zafin ya ragu, amma bai tafi ba.

Shi ne kuma ya kawo mafitar da aka bi. Ya ce marayu jininsu ne, ba za su ci su bar mu ba. Tukunya ta huɗu ce ba za ta yiwu ba, amma ƙara hannu ɗaya a kowane kwano ba zai gagara ba. “Su uku ne, mu uku ne,” in ji shi. “Kowa ya ɗauki ɗaya.” Ba wanda ya ambaci Inna. Ba sai an ambata ba. Ita ba jininsu ba ce, wanda ya riƙe ta ya tafi, gidan ubanta na nan a Zurgu. Tana bayan zana, ina hango ƙafafunta ta ƙasa, ba su motsa ba.

Aka ja damuna huɗu-huɗu, kowa ya kai ɗakinsa. Ni aka ba Baffa Audu, don na isa daka da ɗaukar ruwa. Habu aka ba Baffa Isa. Ladidi aka ba Binta. Inna ba ta yi gardama a kan hatsi ba ko da kalma ɗaya. Abu ɗaya ta roƙa, ta aika a gaya wa Baffa Audu a bar mata Ladidi. Ya ce a tambaye ta me ake ci a gidan ubanta. Kowa ya san labarin, a Zurgu dusa suke tankaɗewa suna tuƙawa. Ba ta sake roƙo ba, don gaskiya ya faɗa.

Ana gobe za ta tafi, da azahar, ta ajiye faifai kamar kullum. Na ce ni ba zan yi ba, na tsani lissafin. Ba ta tilasta min ba. Habu ta zaunar, ta jera masa shida sau bakwai, ta juya, ta tattara, ta sa shi ya kasa, ta sake jerawa. Ya yi kuskure ta ce a sake. Ya yi hamma ta ce a sake. Ba ta bar shi ba sai da ya faɗi huɗun a jere ba tuntuɓe, arba'in da biyu a raba shida bakwai, a raba bakwai shida. Sannan ta ce ya tashi ya je ya yi wasa. Ta zauna ita kaɗai tana tattara ƙwayoyin a cikin gwangwani.

Da safe an kwana ana ruwa, gari ya yi luf, hanya duk caɓi. Yayanta ya zo daga Zurgu da keke, aka ɗaure ƙunshin kayanta a baya. Baffanni suka haɗa mata 'yan tiyoyin dawa na hanya. Binta ta goya Ladidi ta shiga da ita maƙwabta don kar ta ga fitar. Habu ya riƙe zanen Inna sai da Baffa Isa ya ɓamɓare shi. Ni 'yar fari ce, kuma a al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna masa so a gaban mutane. Na zaci ranar za ta karya. Ta dube ni ta ce, “Ke, ki riƙa leƙa su.” Shi ke nan. Na bi su har bakin kwari ina kuka, ba ta waiwayo ba, ina ganin tana zamewa a laka tana dafa keken.

Aka kakkafa zana a tsakar gidan, aka yi murhu uku. Ɗakinmu aka mayar na ajiyar kara da garemani. A kwanon 'ya'yan Baffa Audu nake ci, kuma ina ci, don yunwa nake ji, kowace loma na san daga kashin da aka hana uwata take. Na yi ƙoƙarin leƙa su kamar yadda ta ce. Nakan kira Habu ta jikin zana in tambaye shi huɗu sau biyar, ya amsa, har zuwa lokacin da Baffa Isa ya sayar da rabonsa na gona ya kwashe iyalinsa suka koma birni da shi. Ladidi kuwa ta yi kuka har muryarta ta dushe, tana bin ƙofar tsohon ɗakinmu tana bugawa. Binta ta riƙe ta da amana, wannan ba zan ci haƙƙinta ba. Ita take tauna mata abinci, ita take kwana da ita a ƙirji. A hankali kukan ya ragu.

Abin takaici, geron shuka ta uku ya yi kyau. Ya yi kyau har mutane suna mamaki. Da aka fara tumu na ci har cikina ya yi ciwo, ina ci ina tunanin da dami uku ne da yanzu mun iso. Na sa ran Inna za ta dawo da girbi. Ba ta zo ba. Gidan ubanta ba su iya riƙe ta ba, kafin damina ta fita wani bazawari daga can kudu ya neme ta, ta amince, ya tafi da ita garin da ko sunansa ban iya faɗa ba a lokacin.

Sai bayan wata daminar ta sami zuwa ganinmu. Ina daka na ga mace ta shigo da sallama, ta ƙara ramewa, ga ciki a gabanta. Na yar da taɓarya na ruga na rungume ta, ta dafa kaina ta ɗan ture ni, don mutane na kallo. Aka gaya mata Habu yana birni. Ta gyaɗa kai. Idonta na kan ƙofar Binta.

Ladidi ta fito, ta yi ƙiba, an yi mata kitso da jigida. Inna ta tsuguna, ta kwance bakin zanenta, ta fito da ƙullin gyaɗa soyayya ta miƙa mata, ta kira sunanta. Ladidi ta dube ta, ta dubi gyaɗar, ta ja da baya ta shige bayan Binta ta riƙe zanenta. Ta leƙo ta ce, “Inna, wace ce?” Da Binta take, ita take kira Inna yanzu.

Binta ta rasa inda za ta sa kanta, ta hau turo yarinyar gaba tana cewa je ki mana, je ki. Ladidi ta ƙanƙame ta ta fara kuka. Inna ta ce a ƙyale ta, kar a tsorata ta. Ta daɗe a tsugune hannunta a miƙe. Daga baya ta dafa ƙasa ta tashi, ta ba Binta ƙullin.

“Ki ba 'yarki,” in ji ta. “A hannunki za ta karɓa.”

Binta ta miƙa mata, ta kuwa karɓa.